Sufeton da Bai Kama Kowa Ba: Muhawara kan Wasan An Inspector Calls

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ina so mu duba wasan kwaikwayon J. B. Priestley mai suna An Inspector Calls ta fuskar zubi da tsarinsa, domin galibin masu sharhi suna tsayawa ne a kan jigonsa na siyasa, su wuce dabarar da aka ɗora jigon a kanta. An fara nuna wasan a Tarayyar Sobiyet a 1945, sannan a Landan a 1946, amma labarin yana faruwa ne a dare guda na watan Afrilun 1912, a ɗakin cin abinci na Arthur Birling, wani mai masana'anta a Brumley, garin da marubucin ya ƙago. Ana cikin shagalin baikon 'yarsa Sheila da Gerald Croft, maigida yana yi wa samari huɗuba cewa kowa kansa da iyalinsa kawai zai kula da su, sai aka buga ƙararrawar ƙofa. Wani ne da ya kira kansa Sufeto Goole, ya zo da labarin wata yarinya, Eva Smith, wadda ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ta mutu a asibiti.

Ra'ayina shi ne, labarin ɗan sandan ciki na gargajiya yana tafiya ne yana tsukewa. Ana farawa da zargin mutum shida ko bakwai, ana wanke su ɗaya bayan ɗaya, har a tsaya a kan mutum guda, a tafi da shi, sauran su koma harkokinsu da tsarkinsu, mai karatu ma ya rufe littafi yana jin ba ya cikin masu laifi. Priestley ya ɗauki wannan tsari ya juya shi. Kowace tambaya da sufeton ya yi, maimakon ta fitar da mutum daga zargi, sai ta shigo da wani, har aka wayi gari mutum biyar da ke zaune a teburin babu wanda hannunsa bai taɓa yarinyar ba.

Nafisa: Wa alaikumus salam. Malam, ina da tambaya, kuma a gafarce ni idan ta yi kama da ta ɗan koyo. Ta yaya za a kira shi labarin binciken laifi alhali babu kisa a ciki? Tun a mintocin farko sufeton ya faɗi wadda ta mutu, ya faɗi yadda ta mutu, ya kuma faɗi cewa ita ta kashe kanta. To me ya rage a gano?

Malama Rakiya: Nafisa, tambayarki ita ce ainihin ƙofar shiga wasan. An sauya tambayar da ake bi. A labarin bincike na yau da kullum ana neman wanda ya aikata, a nan kuwa ana neman abin da ya kai ta ga aikatawa, amma duk kayan aikin na wancan salon ne. Wuri ɗaya ne rufaffe, mutanen da ake zargi ƙididdigaggu ne, baƙo ne mai bincike, yana ɗauke da hoto da kuma abin da ya ce ya samu a littafin da yarinyar take rubuta al'amuranta na yau da gobe. Ya kuma kafe a kan cewa mutum ɗaya zai bi a lokaci guda, ba ya haɗa biyu. Priestley ma ya rubuta a umarninsa na dandamali cewa hasken ɗakin ya kasance mai taushi kafin sufeton ya shigo, da shigowarsa kuma a ƙara masa ƙarfi da kaifi, wato ɗakin walima ya koma ɗakin tuhuma ba tare da an gusar da kujera ko ɗaya ba.

Ga yadda sarƙar take. A watan Satumban 1910 Birling ya kori Eva saboda tana cikin jagororin yajin aikin da suka nemi a ɗaga albashin mako daga sule 22 da sisi zuwa sule 25. Ta samu aiki a kantin tufafi na Milwards, a watan Janairun 1911 Sheila ta sa aka sallame ta don tana zaton ta yi mata dariya lokacin da take gwada riga. Ta sauya suna ta koma Daisy Renton, Gerald ya ajiye ta a matsayin daɗiro daga Maris zuwa Satumba, sannan ya rabu da ita. A Nuwamba ta haɗu da Eric, ɗan gidan, ta samu ciki. A ƙarshe ta je neman agaji wurin ƙungiyar mata masu taimako, uwargida Sybil Birling ta yi amfani da matsayinta aka hana ta, mako biyu kafin daren da muke magana.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, sufeton ya bi jerin shekaru daki-daki har ya zo kan mutum biyu na ƙarshe, sai ya karya jerin. Bisa tarihi Eric ne ya kamata a fara tuhuma kafin mahaifiyarsa, amma da yake Eric ya fice daga gidan, sai sufeton ya ce lokacin uwar ya yi. Ita kuwa, don ta wanke kanta, ta ɗora komai a kan wanda ya yi cikin. Sufeton bai musa mata ba, sai ma ya riƙa ba ta fili yana tambayarta abin da ya kamata a yi wa irin wannan saurayi. Ta ce a tona masa asiri a bainar jama'a, a hukunta shi don ya zama izina, kada a ji tausayinsa ko kaɗan. Sheila, wadda ta riga ta gane inda aka dosa, tana roƙonta ta yi shiru, ita kuma tana tsawata mata. Masu kallo sun gane, Sheila ta gane, uwar ce kaɗai ba ta gane ba, har sai da ta ga sufeton ya ƙi tafiya yana jira, ƙofa ta buɗe Eric ya shigo, labule ya sauka a kan kashi na biyu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A labarin bincike na gargajiya ana ɗana tarko don mai laifi ya fallasa kansa, a nan an ɗana shi ne don mace ta yanke hukunci da bakinta tun kafin ta san ɗanta take yanke wa.

Barista Auwal: Na gode wa Malama da wannan bayani, amma ina da ja, kuma daga ɓangaren shari'a zan zo. Idan aka tace abin da mutum biyar ɗin suka yi, huɗu daga cikinsu ba su karya wata doka ba. Mai masana'anta a Ingila ta 1912 yana da ikon korar ma'aikaciya, mai sayayya tana da ikon kai ƙorafi, zaman Gerald da yarinyar abin kunya ne amma ba na kotu ba ne, kwamitin agaji kuma yana da ikon ƙin bayarwa. Eric ne kaɗai ya shiga hurumin doka, domin ya saci kimanin fam 50 daga ofishin mahaifinsa, kuma da bakinsa ya ce a daren farko yarinyar ba ta so ya shiga ɗakinta ba, yana cikin maye ya yi barazanar tayar da hayaniya har ya shiga. Wani abin takaici ma, a dokar Ingila ta lokacin kashe kai laifi ne, ba a soke hakan ba sai a 1961, don haka a idon doka marigayiyar ta fi Birling da matarsa kusa da zama mai laifi.

Damuwata ita ce, idan aka jera mutum biyar a layi ɗaya aka ce dukansu sun taimaka wajen kashe ta, an sassauta wa wanda ya fi kowa ɓarna. Fushin da Sheila ta yi na minti goma a kanti ba ɗaya yake da abin da Eric ya yi ba. Shari'a tana rarrabe niyya da sakaci da abin da mutum ba zai taɓa hango ƙarshensa ba, kuma wannan rarrabewa ba wasa ba ce, da ita ake kare wanda bai ji ba bai gani ba. Idan laifi ya zama na kowa, a ƙarshe babu wanda za a riƙe.

Malam Habibu: Barista, ban yarda cewa wasan ya daidaita su ba. A jawabinsa kafin ya fita, sufeton ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'auni daban. Ya ce wa Birling shi ya fara kunna wutar. Ya ce wa Eric ya yi amfani da yarinyar kamar ba mutum ba. Gerald kuwa har ɗan sassauci ya samu, an ce aƙalla ya so ta kuma ya faranta mata rai na ɗan lokaci. Abin da sufeton ya ƙi yarda da shi shi ne kowannensu ya ce nasa kason bai isa ya kashe mutum ba, saboda haka babu ruwansa. Kuma maganarka cewa huɗu ba su karya doka ba ita ce dalilin da ya sa aka zaɓi ɗan sanda. Da limamin coci ne ya shigo, da Birling ya ba shi kujera ya saurare shi cikin ladabi ya sallame shi. Ɗan sanda ne kaɗai zai iya tilasta wa tsohon magajin gari, wanda har yanzu yake zaman alƙalanci a ƙaramar kotu, ya amsa tambaya a cikin gidansa. Ka tuna yadda Birling ya yi ƙoƙarin tsorata shi da cewa shugaban 'yan sandan garin, Kanar Roberts, abokin wasansa ne, abin bai yi tasiri ba. An ari ikon doka ne don a tambayi abin da doka ba ta tambaya.

Barista Auwal: Na karɓi wannan, sai dai hoton fa? Bai taɓa nuna shi ga mutum biyu a lokaci guda ba, Gerald da Eric kuma ba su gan shi ba sam, suna kawai aka ambata wa Gerald ya rikice. Wannan hujja ko ƙofar kotu ba za ta kai ba.

Malama Rakiya: Ai Priestley da kansa ya riga ka faɗa, Barista, ya sa maganar a bakin Gerald. A nan ne wasan ya fi burge ni, domin a kashi na uku, bayan sufeton ya tafi, an sake buɗe wani bincike na biyu, kuma wannan karon waɗanda ake tuhuma ne suka zama 'yan sandan ciki. Gerald ya dawo ya ce ya tambayi wani sajan a hanya, an ce masa babu wani Sufeto Goole a rundunar. Birling ya buga wa Kanar Roberts waya ya tabbatar. Gerald ya kawo batun hoton, ya ce wa ya san ko hotuna daban-daban ne na 'yan mata daban-daban. Sannan ya buga asibiti aka ce ba a kawo wata da ta kashe kanta ba. Wannan shi ne irin aikin kaifin basira da mai karanta labarin bincike yake jira, bin sawu da auna hujja da tona ƙarya, kuma duk daidai yake a hankalce. Amma an yi shi ne don a kuɓuta, mai kallo kuma yakan tsinci kansa yana jin daɗin yadda aka warware ƙullin kafin ya farga da wanda yake taya murna.

Sai ka tambayi kanka, idan Gerald ya yi gaskiya, me ya ragu? Kowannensu ya riga ya amsa abin da ya yi da bakinsa, ba hoton ne ya ƙirƙira masa ba. In dai ba yarinya ɗaya ba ce, to 'yan mata huɗu ko biyar ne gida ɗaya ya taka a cikin ƙasa da shekara biyu. Birling da matarsa suka koma raha, Gerald ya sake miƙa wa Sheila zoben baiko kamar babu abin da ya faru, ita kuwa ta ce lokaci bai yi ba. Ita da Eric suka tsaya a kan cewa ko sufeton na bogi ne, abin da suka aikata ba na bogi ba ne. Sai da aka cire tsoron kotu da na jarida sannan aka ga wanda nadama ta kama da wanda tsoron tonon silili kawai ya kama.

Nafisa: To, Malama, shi sufeton wane ne ke nan? Ya san abubuwan da ba a faɗa masa ba, kuma yana ta cewa ba shi da isasshen lokaci.

Malama Rakiya: Wasan bai faɗa ba, kuma da gangan ne. A 1929 Ronald Knox ya fitar da ƙa'idoji goma na rubuta labarin bincike, ɗaya daga cikinsu ta haramta shigo da abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a. Priestley ya bi ƙa'idojin salon har kusan ƙarshe sannan ya taka wannan. Ya daɗe yana sha'awar batun lokaci, ya karanta J. W. Dunne, wani marubuci da ya yi nazari a kan lokaci, kuma tun a wasanninsa na shekarun 1930 yake wasa da maimaituwar lokaci. Ni dai ban cika damuwa da ko fatalwa ne ko lamirin mutanen ba, domin amsar ba ta sauya komai a kan abin da suka yi.

Malam Lawal: Na daɗe ina bin zancen, bari in shigo da ra'ayin da ya saɓa. Ni a ganina ana yabon wasan fiye da kima. Na farko, dabarar ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Sophocles, marubucin wasan kwaikwayo na tsohuwar Girka, ya rubuta labarin sarkin da yake neman mai kisa ya tarar shi ne, kuma a 1934 Agatha Christie ta fitar da labarin kisa a jirgin ƙasa inda kusan duk waɗanda ake zargi suke da hannu. Na biyu, marubucin ya yi son kai a alƙalancinsa. Tun kafin sufeton ya shigo an sa Birling ya ce ba za a yi yaƙi da Jamus ba, ya kuma ce jirgin ruwan Titanic ba zai taɓa nutsewa ba, ga masu kallo na 1946 da suka ga yaƙin duniya biyu suka kuma san jirgin ya nutse a watan da labarin yake faruwa. An mayar da shi wawa tun kafin a fara shari'a, saboda haka duk abin da ya faɗa daga baya ba shi da daraja, ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Na uku, kuma wannan ya fi damuna, ita Eva Smith ba ta fito ko sau ɗaya ba, kuma an wanke ta fes. Kyakkyawa ce, ƙwararriyar ma'aikaciya ce, ba ta riƙe Gerald a zuci ba, ta ƙi auren Eric don ta san ba sonta yake yi ba, ta daina karɓar kuɗinsa da ta gane na sata ne. To da a ce malalaciya ce mai tsiwa, wadda ta karɓi kuɗin satar ta kashe, shin hakkinta a kansu zai ragu? Idan amsar a'a ce, me ya sa aka yi mata wannan ado? Ina ganin Priestley ya ji tsoron kada masu kallo su ƙi tausaya wa talakan da ba waliyyi ba, kuma da hakan ya faɗa ramin da Sybil Birling ta faɗa, na raba mabuƙata gida biyu, wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba.

Malam Habibu: Malam Lawal, maganarka ta uku tana da nauyi, ba ni da cikakkiyar amsa gare ta. Abin da zan iya cewa shi ne rashin fitowarta daga salon aka gado shi, domin a labarin bincike gawa ba ta magana, daga bakin waɗanda ake zargi ake harhaɗa ta. Duk kyawun halin da muka sani nata daga bakin waɗanda suka cuce ta ya fito, a lokacin da nadama take cin su. A kan Christie kuwa akwai bambanci babba. A can wanda aka kashe mugu ne, masu kisan sun haɗa baki da niyya ɗaya, mai binciken kuma ya bar su suka tafi. A nan babu haɗin baki, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya yi, babu wanda ya nufi mutuwarta. Batun Titanic na yarda an cika gishiri. Sai dai a tuna Priestley ya yi yaƙin duniya na farko an ji masa rauni, ya yi jawabai a rediyon BBC a 1940, yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Common Wealth a 1942, kuma wasan ya fito a shekarar da jam'iyyar Leba ta lashe zaɓe. Bai taɓa ɓoye ɓangaren da yake ba.

Malama Rakiya: In ƙara a kan zancen Malam Lawal, akwai 'yar aiki guda da ta fito a dandamali, wato Edna. Ita ta buɗe wa sufeton ƙofa, ita ake aika, maganarta duka ba ta wuce 'yan jimloli ba. Ko Sheila da Eric da ake cewa sun sauya, ba mu ga sun waiwaye ta ba.

Barista Auwal: Saura wayar ƙarshe, wadda har yanzu ba ta kwanta mini ba. Birling yana cikin yi wa 'ya'yansa ba'a sai waya ta buga, aka ce wata yarinya ta mutu a hanyar asibiti bayan ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma wani sufeto yana tafe da tambayoyi. Idan darasin kashi na uku shi ne alhaki yana nan ko babu gawa ko babu ɗan sanda, me ya kawo gawa da ɗan sanda kuma? Kamar marubucin bai amince da hujjarsa ba, sai da ya dawo da sanda.

Malam Habibu: Ni na karanta ta daban. Labarin bincike yana rufewa ne da kamu, wannan kuwa ya rufe da buɗe fayil, labule ya sauka kafin kowa ya ce uffan. Bambancin zuwa na biyu da na farko shi ne yanzu kowa ya san abin da kowa ya yi, saboda haka duk wanda ya yi shiru ko ya yi ƙarya, da saninsa ya yi, a gaban shaidu huɗu.

Barista Auwal: To bari mu bi ta nan, Malam. Sufeto na biyu ɗan sanda ne na gaske, yana ƙarƙashin Kanar Roberts, kuma abin da doka ta ba shi kawai zai tambaya. Za a yi zaman binciken musabbabin mutuwa, wataƙila sunan Sybil ya fito a jarida, wataƙila lambar girma ta sarauta da Birling yake sa rai ta kuɓuce masa. Ba za a tuhumi kowa da korar ma'aikaciya ba. Fam 50 ɗin nan kuwa kuɗin kamfanin Birling ne, kuma tun sufeto na farko yana tsaye a ɗakin muka ji Birling yana neman Eric ya ba shi jerin asusun da ya taɓa don ya rufe maganar da wuri. Wadda za ta iya ba da shaida a kan daren Nuwamba ta mutu. Idan Sheila da Eric ba su buɗe baki da kansu ba, ban ga wata tuhuma da za ta kai gaban alƙali ba, kuma ina so Malama Rakiya ta faɗa mana ko tana ganin Sheila za ta iya ba da shaida a kan ɗan'uwanta.